Majanyi Don Hanyar Riruwai

A bakin kasuwar Tudun Wada wani baƙo yana ɗaure gwangwanin fetur a bayan babur, wata tsohuwa mai fura tana kallonsa.

"Ɗan nan, ina za ka da wannan abu mai ruri?"

"Duwatsun Riruwai, Inna. Hayarsa na yi a Kano."

"Da daminar nan? Rafi ya cinye hanya."

"Sai in bi burtalin shanu."

"In ya mace maka a daji fa?"

"Sai in tura shi."

"Kai! Me ka ajiye a can?"

"Mahaifina. Tun ina goye ya tafi haƙar kuza. Yanzu na ji yana raye, ya makance. Gida zan kawo shi."

Tsohuwar ta zaro majanyin jikarta.

"Ungo. Makaho ba zai zaunu a kan wannan ba. Goya shi za ka yi."