Ƙanƙarar Matar Evaristo

A bakin fito a Habana, Evaristo na ta zarya, rungume da ƙunshi mai ɗiga.

"Ɗan nan, zauna mana," in ji wata tsohuwa. "Me ka ƙunso?"

"Ƙanƙara, Inna. Matata ke ta amai, ko ruwa ba ya zama. Likita ya ce ta riƙa tsotsa."

"Kayya. Abinci ne ya manne mata a ciki. A ja fatar bayanta, a ba ta toka da mai."

"An ja har ta yi kuka. Matsattsaku ma an sa mata."

Tsohuwar ta hango jirgin fiton can tsallake, bai ko taso ba. Ta kwance mayafinta.

"Kawo in ƙara naɗewa. Ba don na yarda da maganar likitan ba, kada dai ka kai mata jiƙaƙƙen tsumma."