Lallen Bikina a Bayan Kare

Salamu alaikum mai gabatarwa, Hauwa ce daga unguwar Kalakla a Sudan.

Karen gadinmu ya yi gyambo a baya, yana ta lasa. Maigidana ya wanke da ruwan gishiri, ya daka bagaruwa, ya kwaɓa da lallen da na ɓoye don bikin ƙanwata a Omdurman. Safe da yamma yana durƙushe yana shafa masa da tsumma, har da lallashi: "Sannu, sannu."

Ni da na ƙone da man suya bara, cewa kawai ya yi, "Malesh, ba komai, zai warke."

Kare ya warke, bayansa jawur. Ni na je biki ƙafata ba ko ɗigon lalle.

Masu sauraro, ku ba ni shawara: sai na koma gadin ƙofa kafin a ce mini sannu?