Kwanon Yashin Hajiya

Salamu alaikum mai gabatarwa. Daga Matameye nake sanar da jama'a rasuwar hulata ta zuwa Juma'a.

Maiɗakina Hajiya Rabi ba ta suya sai da kwanon yashi kusa da murhu, wai gadon kakannin kakanninta ne tun kafin zuwan Turawa. Na ce camfi ne, na zubar.

Shekaranjiya tana suyar awara mai ya kama wuta, ga rumbun geronmu dab da madafa. Na rarumo buta, ta daka mini tsawa: "Malam, ruwa a mai? Kwaso ƙasa!" Da hular na yi ta kwasa har wutar ta mutu, rumbu ya tsira.

Hajiya, a gida bakina ya yi nauyi, ki ji ta rediyo: ke ce da gaskiya.