Lambar Hantar Nababa

A tashar Anka, ana jiran motar Dareta ta cika, wata dattijuwa ta miƙa wa matashiyar da ke gefenta takardun asibiti guda biyu.

"Ɗiyata, duba min. Na maigidana ne, Nababa. Kansa ce, ciwon daji, ta kama mishi hanta."

"Inna, wannan awon wani sinadari ne da ciwon ke zubawa cikin jini. Da shi likita ke gane inda ciwon ya dosa. Shi ya kamata ya yi miki bayani."

"Ya yi, da Turanci, yana kallon tebur. Ke dai gaya min, lambar ta hau ko ta sauka?"

"Inna, rai ba a hannun lamba yake ba."

"Na sani. Amma ni mutuniyar Dareta ce. Shekarar gubar dalma, kowace uwa ta koyi lambar awon jini. In ta sauka, ki goyo ɗanki zuwa gida. Ta ɗiyata Larai ba ta sauka ba."

Matashiyar ta daɗe tana kallon takardun.

"Ta hau, Inna. Ta hau ƙwarai."

"Na gani tun Gusau, ta yau ta fi ta watan jiya tsawo. So nike in ji a bakin mutum."

"Haka ciwon babana ya yi har ya rasu. Kullum kifi yake roƙo, munka hana shi, wai don ya warke. Har yau ban iya cin kifi."

"Allah ya jiƙan shi. Riƙe min wurina, ɗiyata."

"Ina za ki, Inna?"

"Wurin mai balangu. Wata shida Nababa na roƙo ina hana shi."