Gwadabe da Iskar Tsaunin Hajo

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe Wakilin Hakimi, da ka taso tun daga Karaye, ka bar doki a gindin dutse ka ƙaraso da ƙafa, sannu da hawa. Allah ya ja zamanin Dagaci. Allah gafarta Malam Liman da sauran malamai. Masu unguwanni, da baƙinmu na Gwangwan da Fulatan, sannunku da zuwa. Turai, matar marigayi, ke da matan da ke sauraro ta bayan danga, sannunku da haƙuri. Sulle, babban ɗan marigayi, kai da ƙannenka, ya ƙarin haƙuri?

Sunana Liti. Uwata da uban Gwadabe ciki ɗaya suka fito, wato taubashina ne, shekara sittin muna tsokanar juna. Da Dagaci ya ce ni zan yi magana a sadakar arba'in ɗin nan, na ce to, amma kada a sa ran zan raga masa don kawai ba ya nan ya rama.

Ya kasance mutum mai taurin kai. Na fara da wannan ne don kada in yi ƙarya a gaban Liman. Ya kasance manomin da bai taɓa bari ruwan shuka ya same shi a kwance ba. Ya kasance mai son garin nan namu, Tsaunin Hajo, son da ya wuce hankali. In ka ce masa ko jakuna ba sa son hawowa nan, sai ya ce ai shi ya sa suke jakuna. In ka yi kukan sanyi, ya ce ka gode wa Allah, sauro ya fi ka jin sa. In mata suka koka da ɗebo ruwa a kwarmin dutse, ya ce su sauka su ɗanɗani na rijiyar ƙasa, su dawo su ba shi labari.

Manya a nan sun tuna shekarar da aka fasa hanyar mota ta gindin dutse saboda gyaɗa. Takarda ta zo daga hukumar En'e cewa mu tattara mu sauka bakin hanya, gari ya tashi. Kafin a tashe mu, Di'o, Baturen mulki, ya ce zai zo ya gani da idonsa. Ya iso da gajeren wando, fuska jawur, yana haki, ya zauna a kan wancan falalen da yara suke kai yanzu. Hausarsa ta takarda ce, kuma ba ya son tafinta. Ya lumshe ido ya ce, “Garin nan akwai iska! Iska da yawa!”

Mata suka fara jan 'ya'yansu. Gwadabe ya miƙe ya ce, “Ranka ya daɗe, garin nan na masu salla ne. Ko ɗan bori ɗaya babu a cikinmu.”

Bature ya ce, “A'a, akwai! Ta shiga jikina, na ji daɗi. Ranar Lahadi zan kawo matata, ita ma ta samu.”

Liman na wancan lokacin, mahaifin wannan, ya kama Falaƙi da Nasi. Ni kuwa, ba zan ɓoye muku ba, na riga na matsa kusa da hanyar gudu. Gwadabe kaɗai ya tsaya ya duba, ya ga mutumin ya cire hula, ya buɗe ƙirji, yana fuskantar inda iska take kaɗowa. Sai ya gyara murya ya ce, “Au, ranka ya daɗe, in wannan ce, babu wanda ya kai mu. Amma in an saukar da mu, wa zai share maka hanyar zuwa shan ta?”

Da wannan magana ɗaya aka janye takarda. Aka ce mai son sauka ya sauka, mai son zama ya zauna.

Ya kasance mai cika alkawari ko da Bature ya yi wa. Shekara uku yana sassaƙa matakalar da kuka hawo ta kai yau. Ya kafa rumfa, ya nuna wa Di'o inda fakara ke kiwo da inda ake hango kogi. Mu dai har gobe mun kasa gane yadda mutum zai hau dutse ba akuya yake nema ba, ba itace ba, sai don ya zauna ya sauka. An yi wa Di'on canji tuntuni, tsofaffinmu ne suka gaji matakalar.

Abin da bai yi daɗi ba shi ne, ɗan dokan da ya rako Baturen ya kai labari kasuwar Rogo. Daga ranar, in muka sauke buhu sai a ce, “Ga 'yan iska nan sun sauko, Bature da bakinsa ya faɗa.” Gwadabe ya juya ya ce, “Ƙwarai kuwa. Mu 'yan iska, ku 'yan sauro.”

To, jama'a, shekara tara ke nan ina cikin 'yan sauro. Ni na fara sauka, gida goma sha huɗu suka bi ni. Duk ranar kasuwa sai Gwadabe ya tsaya a ƙofata ya ce, “Liti, ya zufa?” Ni kuma in ce, “Ya gwiwa?” Ban taɓa gaya masa cewa duk bazara a kan tabarmar da aka jiƙa nake kwana ba, duk damina kuma da zazzaɓi. Girman kai ya hana ni, yau ina nadamarsa.

Sulle, na ji ana cewa arba'in kawai kake jira ka sauka da gidan. Ba zan ga laifinka ba, na san nauyin buhun gyaɗa a kan matakalar nan. Amma gida goma sha ɗaya suka rage, kuma duk kai suke kallo. In ka ɗaga ƙafa, kafin kaka babu mai kiran salla a kan tsaunin nan. Turai, ke ce babba yanzu, ki sa baki.

Ranar da muka kai Gwadabe makwancinsa, na ratsa ta tsohon gidana don in ga kango. Sai na tarar da ɗakina a tsaye, da sabuwar ciyawa a kai, an share ƙofa. Turai ta ce duk shekara shi yake yi masa baibaya da hannunsa, yana cewa, “Wawan nan zai dawo, kada ya zo ya samu yoyo.” Shekara tara, bai taɓa faɗa mini ba.

Shekaranjiya na sa an hawo da kayana. Sulle, in za ka sauka, ta ƙofata za ka wuce, kuma sai ka gaishe ni.

Mun gode wa kowa da kowa da wannan hawa da kuka sha. Allah ya jiƙan Gwadabe, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa, ya ba iyalinsa haƙurin rashinsa. Allah ya raya garin nan. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Malam Liman, a shafa mana Fatiha.