Yadda Muka Rasa Shaidar Dattawan Burtali

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Mai girma shugaban wannan taro, wakilan hukumomin Tasawa da Mayahi, iyayenmu hakimai da masu gari, ardo-ardo na makiyaya, limamai da fastoci, iyayenmu mata, manoma da makiyaya da kuka baro aikinku kuka zo, ina gaishe ku da gaisuwar girma. Ni ne Yusha'u, shugaban kwamitin sulhu na ƙauyukanmu da ke gabas da El Allassane Maïreyrey. Ina godiya da aka ba ni dama in yi magana, ko da yake labarin da na zo da shi har yau jikina bai daina sanyi a kansa ba.

Da farko, ku san abin da muka mallaka. Shekarun baya mun tara dattawa, Hausawa da Fulani, waɗanda suka san burtalinmu, hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki zuwa rijiya. Muka bi su da kyamara. Kowa ya tsaya ya dafa itace da hannunsa ya ce, nan gonar wane ta tsaya, nan hanyar dabbobi ta fara. Manomi ya faɗa, makiyayi ya amsa. Sakatariyarmu Mansura ta zuba bidiyon cikin ordinatar, wato kwamfuta, ta kuma kwafe shi a kile, ɗan ƙarfen nan na ajiyar bayanai, wanda kwamiti ya saya a kasuwa da araha. Muka kulle shi a akwati, muka saki jiki. Daga baya dattawan suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, Allah ya jiƙansu.

Na biyu, abin da ya same mu. Bara kuran, wato wutar lantarki, ya dawo da ƙarfi ya ƙone ordinatar. Ba mu damu ba, ai akwai kile. Bana da damina shanu suka shiga wata gona. Mai gona ya ce gonarsa ce tun kakanni, mai shanu ya ce burtali ne aka cinye. Samari suka fito da sanduna. Na shiga tsakani na ce, "Ku dakata, iyayenku za su yi magana da bakinsu."

Jama'a, muka tara gari guda a ƙarƙashin gawo, muka aro ordinatar, Mansura ta sa kile. Ga sunayen dattawa a jere a allo, babu wanda ya ɓata. Ta taɓa na farko, allo baƙi. Ta taɓa na biyu, allo baƙi. Ta bi su duka, ba hoto, ba murya. Wata tsohuwa da ta zo ganin fuskar mijinta ta ce, "Ɗiyata, ƙara sautin, ba na ji." 

Muka kawo kile ɗin nan Tasawa wurin Isaïe mai gyaran na'urori. Ya bincika, ya ɗago ya ce, "Alhaji, wannan kile na jabu ne. An rubuta a jikinsa yana ɗaukar kaya da yawa, alhali cikinsa ɗan ƙanƙane ne. Sunaye kawai yake riƙewa." Na ce, "Yaushe suka goge?" Ya ce, "Ba su goge ba. Tun ranar farko ba su shiga ba."

Tun ranar farko! Shekara da shekaru muna gadin akwatin da babu kowa a ciki!

Mutum ɗaya ya rage cikin dattawan, Baba Cindo, idonsa ya yi rauni, ƙafa ba ta ɗaukarsa. Muka ɗora shi a amalanke, manoma a dama, makiyaya a hagu, salula uku na ɗaukar bidiyonsa. Ya nuna abin da ya tuna, rigimar ranar ta mutu, samari suka ajiye sanduna. Amma ɓangaren arewa ya ce bai sani ba, abokinsa marigayi ne ya sani. Wannan ɓangaren ya tafi ke nan. Da muka ce ya huta, sai gobe, ya ce, "A'a, ku ƙarasa yau. Na ji kuna ta maganar kwafi. Ni ba ni da kwafi."

Saboda haka ina roƙonku, don Allah. Abin da kuka ajiye, ku yi masa kwafi uku: a ordinatar, a diski mai kyau daga wurin wanda kuka amince da shi, na uku kuma a wani gari daban ko a intanet, inda gobara da kuran ɗinku ba za su kai ba. Mafi girma duka, ku riƙa buɗe ajiyar kuna kallo, kuna saurare da kunnenku. Ganin suna a allo ba shaida ba ce. In kuwa akwai dattijo a garinku da ba a ɗauki maganarsa ba, kada ku jira kaka ta wuce.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara wa Baba Cindo lafiya, ya zaunar da manomi da makiyayi lafiya, ya mai da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode.