Riga Marar Maɓalli

Wani dattijo ya tsaya a rumfar tela, hannunsa na dama cikin aljihu.

"Akwai riga marar maɓalli? Yayana zan saya wa, hannunsa ke rawa."

"Ga su nan jibge, Malam."

"Jibge? Na ɗauka shi kaɗai ne."

"Ina! Ciwon Parkinson ne, in ji likita. Ƙauyukan can arewa da mota ba ta shiga, da wuya ka sami wanda babu mai shi. Kuma kowa yayansa yake saya wa."

Dattijon ya murmusa. "Kai me ya sa kake ɗinka su?"

"Dubi wuyan tawa rigar."

Ya duba, babu maɓalli. Sai dattijon ya zaro hannunsa daga aljihu, yana ta rawa.

"To, auna ni."